Huɗu Mai Karyayyar Ƙafa

A Zongon Kwatano, idan tsohuwar kat-kat, wato motar daji mai ja da taya huɗu, ta sauko daga arewa, irin waɗanda suka sha hamada har fenti ya gaji da jikinsu, ba a gama cinikinta sai an aika a ɗauko Baba Karimou. Shi ba dillali ba ne, kuma ya daɗe da barin gyara. Abin da ya rage masa shi ne karatun ƙarfe.

Kowace mota irin wannan takan fito daga masana'anta da ɗan allon ƙarfe wanda bai kai tafin hannu ba, an kafe shi a bangon gidan inji. A Zongo filak ake ce masa. Ga wanda bai sani ba, haruffa ne da lambobi a jere kamar ayarin tururuwa. Ga Baba Karimou kuwa asalin motar ne gaba ɗaya: da wane inji aka haife ta, isansi take sha, wato fetur, ko gazuwal, wato man dizal, doguwa ce ko gajera, sitiyarinta hagu ko dama, da launin da aka fara shafa mata. Sannan akwai lamba ta biyu da ake bugawa a jikin sasi, wato ƙashin bayan motar, kusa da tayar gaba.

"Filak riga ce," in ji shi, "ana iya aronta. Lambar sasi kuwa tsagar gado ce."

Yanar ido ta cinye masa rabin gani, amma wannan bai rage masa komai ba. Da ɗan tsumma da kananzir yake goge wurin, ya murza alli, sannan ya bi haruffan da kan yatsa yana motsa leɓe kamar mai jan carbi.

A garejin mahaifinsu ya koyi sana'a, shi da ƙaninsa Rafiou. Tsohon yana da wani ɗan akwatin katako mai ƙarafunan buga lamba. Tara ne, ba goma ba, don shida idan aka kifa ta ita ce tara. Da su ake yi wa kayan inji shaida in an wargaza shi, domin kowanne ya koma mazauninsa. Wata rana Rafiou, da rawar kan samartaka, ya ɗora ƙarfen huɗu a kan taurin ƙarfen sifirin na mota ya sakar masa guduma, ƙafar huɗun ta ɓalle. Ya sha faɗa har maƙwabta suka leƙo. Tun daga ranar, duk huɗun da aka buga a garejin nan gurguwa ce, tsaye take a kan rabin ƙafa.

Tsohon ya bar dokoki biyu a kan akwatin: ƙarafunan nan ba sa kwana a waje, kuma ba sa taɓa sasi. Da ya rasu, akwatin da dokokin suka koma hannun Karimou.

Rafiou bai zauna a gareji ba, hanya ce ta ja shi. Ya sayi doguwar kat-kat mai buɗaɗɗen baya, launin yashi, mai shan gazuwal, yana ɗaukar kayan 'yan kasuwa daga Kwatano zuwa Agadas. Karimou ne ya duba masa ita kafin ya saya, ya haddace lambarta kamar sunansa. Kuma kamar yadda direbobin Zongo suke yi, mahaifiyarsu ta karɓo laya wajen malaminta, Karimou ya naɗe ta da robar cikin taya, ya cusa hannu cikin ramin sasi ya ɗaure ta da wayar tagulla inda ruwa ba ya kaiwa.

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, kasuwa ta rikice, kowa yana neman inda zai sa kansa. Soumaïla, abokin Karimou tun suna wasan ƙasa, ya ɗauki hayar Rafiou su kai kaya har Dirku, can cikin hamada. Suka tafi su biyu. Matar Rafiou tana goyon 'yarsu Sahadatou a lokacin.

Bayan watanni Soumaïla ya dawo shi kaɗai, a rame, leɓɓansa duk sun tsattsage. Ya zauna a tsakar gida ya ce sun rabu lafiya a Dirku. Rafiou ya samu lodi mai kyau zuwa Libiya, ya tsallaka da motarsa, ya ce a gaida gida, yana nan tafe.

Ba da jimawa ba Soumaïla ya zo aron akwatin ƙarafuna, wai zai buga lamba a gangunan mai da ya ajiye a Paraku. Karimou ya tuna dokar uba. Amma wa zai hana abokin da ya fito daga bakin hamada da kyar? Ya ba shi. Sau ɗaya ke nan akwatin ya taɓa kwana a waje.

Rafiou bai zo ba. Shekara ta juyo, wata ta bi bayanta. Mahaifiyarsu ta rasu tana kallon ƙofa, matarsa ma ta bi ta. A Zongo babba a gida ne yake sanar da rasuwa, sai ya buɗe baki sannan a shimfiɗa tabarma a yi wa mamaci addu'a, a raba sadaka. Karimou ya ƙi buɗe baki. Yaya za a yi zaman makokin mutumin da aka ce an gan shi da ransa yana tuƙi?

Sahadatou ta girma a hannunsa, ta yi aure, tana sayar da atamfa a kasuwa. Duk shekara idan azumi ya matso takan durƙusa a gabansa.

"Baba, kowa yana yi wa nasa sadaka. Ni ban san ko marainiya ce ni ba, ko 'yar wanda ya gudu ya bar ni."

"Ubanki ba ya gudu," yakan ce. "Ki bari in ga motar. Mutum yana ɓata, ƙarfe ba ya ɓata."

Shi kuwa Soumaïla Allah ya buɗa masa. Ya yi manyan motoci, ya je Makka, ya gina bene. Babu Sallar layya da ba ya aiko da rago gidan Rafiou, mutane suna cewa ga aboki na ƙwarai. Kullum bayan la'asar yakan zo ƙofar Karimou su sha shayi suna tsokanar juna.

"Makaho mai karatun ƙarfe, yau wace gawa aka kai ka dubawa?"

"Wadda ta fi ka ƙwari, Alhaji. Ita ko ba komai tana hawa tudu ba ta haki."

A 'yan shekarun nan Turawa suka buɗe ido a kan tsofaffin kat-kat. Dillalai suna bin ƙauyukan arewa suna sayowa, a wanke, a cusa a kwantena a tashar jiragen ruwa. Mai saye a can ba ya son mota mai asalin ƙarya, shi ya sa ake neman Baba Karimou. Bai taɓa ƙin kira ba, ko ana ruwa, ko gwiwa ta riƙe. Dillalai sun ɗauka son sana'a ne. Mutanen gida sun san lamba ɗaya yake nema.

Wata Laraba da hantsi, cikin damina, hadari ya taso daga teku ya tsaya a kan gari bai sauka ba. Iska ta ɗauke, kwatocin Zongo suna ta tashin wari. Sai ga Fataou, wani dillalin motoci mai filin sayar da su a unguwar Zogbo, ya tsaya da babur a ƙofar gida.

"Baba, na samo maka amarya. Tsohuwa ce, amma da sauranta."

"Kai dai ba ka taɓa kawo mini budurwa ba. Daga ina?"

"Wani ƙauye bayan Gaya. Buhunan albasa take ɗauka tun kafin a haife ni. Filak tas, takardu tas. Ka sa mata albarka kawai."

Motar tana can ƙarshen fili, ƙarƙashin wata mangwaro. Koriya ce, korin da aka shafa da buroshin fentin gida. Doguwa, buɗaɗɗen baya. Baba Karimou ya ga irinta ba adadi, don haka zuciyarsa ba ta motsa ba. Fataou ya ɗaga murfin inji, tsohon ya sunkuya ya goge filak ya bi ta da yatsa.

"F," ya ce. "Wato da injin isansi aka haife ta. J, sunan danginsu ne. Arba'in da biyar, doguwa ke nan. L, sitiyari a hagu. P, buɗaɗɗen baya." Ya gangaro ƙasa. "Lambar fenti kuma ta ce fara ce."

"Ka ji! Injin ne kawai aka canza mata na gazuwal, kowa yana yin haka."

Baba Karimou ya ci gaba da lalube. Yatsansa ya tsaya a kan ƙusoshin da suka riƙe filak. Ba irin na masana'anta ba ne, na kasuwa ne. Ya ciro 'yar wuƙa ya kankare fenti a lungun da rana ba ta taɓa gani ba. Kore ya fita, shuɗi ya bayyana. Shuɗi ya fita, ga fari. Fataou ya yi murmushi. Amma wuƙar ba ta tsaya ba, kuma ƙarƙashin farin, manne da ƙarfe, launin yashi ne.

"Rigar aro ce," in ji tsohon. "Shimfiɗa mini kwali."

Ya durƙusa da kyar a gefen tayar gaba, ya sa hannu a jikin sasi. Tun kafin ya kai kan lambar ya ji abin: wurin ya ɗan lotsa, sumul kamar cikin cokali. An gurje asalin lambar, an buga wata a kai. Wannan ba baƙon abu ba ne, ya sha gani. Ya goge, ya murza alli, ya fara bi. Lambobin ba su tsaya a layi ba, aikin hannu ne, na mutumin da bai saba riƙe guduma ba.

Sai yatsansa ya faɗa kan huɗu.

Ya janye hannu kamar wanda ya taɓa garwashi. Ya sake mayarwa a hankali. Huɗun tana tsaye a kan rabin ƙafa. Ya matsa gaba, akwai wata huɗu a tsakiyar lambar, ita ma gurguwa, karayar a wuri ɗaya.

Can nesa aradu ta yi gunaguni a kan teku.

"Baba, lafiya? Jiri ne?"

Bai ji shi ba. Ya kwanta rigingine a kan kwalin, abin da ya yi shekara da shekaru bai yi ba, ya tura hannun hagu cikin ramin sasi har kafaɗa. Busasshiyar laka, ɓawon albasa, gidan zanzaro. Sannan waya. Sannan wani ɗan dunƙule da ya bushe ya yi tauri kamar goron da ya kwana biyu.

Layar tana nan. Amma Karimou bahago ne, duk wayar da ya murɗa hagu take bi. Wannan dama ta bi. Wani ya kwance ta, ya riƙe ta a hannu, ya san ko mece ce, sannan ya mayar ya ɗaure. Mutumin ya iya goge lambar mota, ya iya ɓanɓare filak ya yar, amma hannunsa bai iya jefar da sunan Allah a ƙasa ba.

Ya daɗe a kwance yana kallon cikin motar. Da Fataou ya ɗago shi, fuskarsa a bushe take, ba hawaye.

"Kada ka kai ta tasha. Ka rufe ta da tamfal."

"Baba, ka kashe ni! Bature yana jira."

"Ya jira. Mu ma mun jira. Motar ƙanina ce."

Fataou ɗan Zongo ne, da labarin Rafiou ya tashi. Ya cire hularsa, ya je ɗauko tamfal.

Ranar, Baba Karimou bai jira Alhaji Soumaïla ya zo shan shayi ba. Bayan la'asar ya buɗe akwatin katako, ya ɗauki ƙarfe ɗaya ya sa a aljihu, ya taka zuwa ƙofar benen. Hadarin yana nan a tsaye, gari ya yi duhu-duhu tun rana ba ta faɗi ba. Alhaji yana kan kujerarsa a baranda, faranti da kofuna a gabansa.

"Ah, yau makaho ne da kansa? Wa ya ja maka gora?"

Karimou ya zauna. Ya ajiye ƙarfen huɗu a kan farantin, ya ɗora layar a gefensa.

Alhaji ya dubi kayan. Butar shayi tana hannunsa a karkace, shayin yana zuba a kofi har ya cika ya malala, bai sani ba.

"Ta zo," in ji Karimou. "Tana Zogbo."

"Wace ce?"

"Soumaïla. Tare aka yi mana kaciya. Kada ka tambaye ni wace ce."

Alhaji ya ajiye butar. Ya waiwaya ya dubi ƙofar gida, ya rage murya.

"Zazzaɓi ne. Wallahi zazzaɓi ne, Karimou. A hanyar dawowa ya kama shi. Na yi iyakar yina. Na binne shi da hannuna. Da na iso na ga fuskar Innarku, sai bakina ya ƙi."

"Bakinka ya ƙi, amma hannunka bai ƙi ba. Wanda zazzaɓi ya kashe, ba a goge lambar motarsa."

"Kasuwa ta ci ni a shekarar, ka sani. Shaiɗan ne."

"Da ƙarfen ubanmu. Ka zo har gida ka karɓa daga hannuna, na raka ka bakin ƙofa." Muryar Karimou ba ta ɗaga ba. "Kowace Sallah muna cin ragonka. Yarinyar nan tana durƙusawa ta gode maka."

Alhaji ya share gumin da yake bin wuyansa.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Ina ka bar shi?"

"Hamada ce, Karimou. Yashi yana tafiya."

"Kusa da wace rijiya? Kafin Dirku ko bayanta? Da rai ka bar shi ko babu?"

Alhaji ya kawar da kai. Ya miƙe yana dafa bango ya shige gida, ya bar takalmansa a baranda. A lokacin ne ruwan ya sauko, kamar da bakin ƙwarya.

Karimou ya iso gida a jiƙe sharkaf. Sahadatou ta taso daga kasuwa ta biyo ta gaishe shi, tana tsaye a zaure tana jiran ruwa ya tsagaita. Ya miƙa mata layar.

"Kakarki ce ta karɓo wa ubanki wannan. Ki jiƙa shinkafar toya masa, ki aika a sayo goro. Jibi Juma'a za mu yi masa addu'a."

Ta dubi abin da ke tafinta, ta dube shi.

"Baba, ya rasu ke nan?"

"Ya rasu. Tun kina goye. Bai gudu ya bar ki ba, hanyar gida yake."

Ta zauna a ƙasa inda take, ta rufe fuska da mayafi. Da kukan ya lafa ta ce, "Wa ya gaya maka?"

"Motarsa."

"Ita kuma wa ya kawo ta?"

"Wannan tambayar tawa ce. Ki bar mini."

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Tsofaffin direbobi suka zo, wasu da sanda, wasu ana riƙe da su. Liman ya ambaci sunan Rafiou a cikin mamata, karo na farko bayan fiye da shekara talatin. Sahadatou da kanta ta raba masa da goro, gida-gida, kanta a ɗage. Mutane suka yi ta waige suna neman Alhaji Soumaïla, aminin gidan. Aka ce ba ya jin daɗi.

Baba Karimou bai kai ƙara ko'ina ba, bai kuma faɗa wa kowa abin da aka yi a barandar nan ba. Amma daga ranar ya daina zuwa duba motoci. Dillalai sun yi ta aike har suka gaji. Motar tana nan a Zogbo ƙarƙashin tamfal, Fataou bai sayar ba, yaran filinsa ma ba sa yarda su jingina da ita.

Yanzu kullum bayan la'asar, tsohon yakan ɗauki 'yar kujerarsa ya tsallaka layi, ya zauna daidai ƙofar benen, ƙarfen huɗu a hannunsa yana juya shi. Ba ya sallama, ba ya zagi. Idan labulen sama ya motsa, sai ya ɗaga kai ya yi tambayarsa, ba da ƙarfi ba.

"Ina ka bar shi?"

Alhaji ya daina fita masallaci ta ƙofar gaba. Masu kai masa abinci sun ce ya rame, kuma ba ya yarda a buɗe taga. 'Ya'yansa sun fito sun ba Baba Karimou haƙuri, ba tare da sun san laifin da suke ba da haƙuri a kansa ba. Sahadatou ma, da ta ga inda yake zama, ta daina tambayar wanda ya kawo motar. Ragon Sallar bana ta mayar da shi da igiyarsa.

Wani maraice ta kawo masa ruwa a wurin, ta ce, "Baba, ka taso. Mutumin nan ba zai yi magana ba."

Bai ɗauke ido daga labulen ba.

"Ƙarfe ma da aka gurje masa baki ya yi magana," ya ce. "Balle mutum."